Kaka Ba Ta Danna Abin da Bai Gaishe Ta Ba

Daga Allah muke, kuma gare Shi Kaka ta riga mu komawa, ranar wata Laraba da hantsi, a ɗakinta na ƙurya da ke gidan kawu a unguwar Kwamba. Kafin la'asar an kai ta. Zuwa ranar uku layinmu ya cika har masu keke sun daina shigowa, sai su sauke mutum a bakin kwalbati ya ƙarasa da ƙafa.

Na zauna zaman makoki da yawa, amma ban taɓa ganin wanda aka sha wahalar riƙe dariya kamar na Kaka ba. Mutum zai shigo da fuskar jimami, ya yi addu'a, a shafa, sai ya ce, "Allah sarki Hajiya, ran nan fa ta ce min..." Kafin ya kai ƙarshe ya rufe baki da hula. Mai gyaran waya na bakin titi ya ce tun da ta fara kawo masa wayarta bai taɓa samun abin da ya lalace a ciki ba, ƙara kawai take kawowa. Liman ya yi gyaran murya sau biyu don a natsu, a na uku shi ma kafaɗunsa suka fara rawa.

Da azahar motar ofishinmu ta iso daga Abuja. Shugabarmu, wata 'yar kudu da ta koyi Hausa a kasuwa, ta shiga wajen mata ta fashe da kukan da ya fi na 'ya'yan ciki. Kawu, babban ɗan marigayiyar, ya jawo hannuna ya ce, "Wannan kuma daga wane ɓangaren dangi take?" Na ce shugabata ce a wajen aiki. Da ta fito ta durƙusa gabansa tana share ido, ta ce, "Baba, sannu. Mama shi ne malaminmu. Duk ofis, shi ne ya koya mana aiki."

Kawu ya dube ni, ya dube ta. "Inna? Innar da ke ce wa kwamfuta talabijin mai taurin kai?"

Bai gama mamaki ba sai ga wani dattijo ya sauko daga bayan babur, ƙafafunsa duk jar ƙasa. Ya ce daga wani ƙauye yake can bayan Garam. Bai san kowa a gidan ba, ita ma bai taɓa ganin ta ba. Ya ce, "An ce min matar nan ta cikin waya ce ta rasu. Gaskiya ne?" Aka ce gaskiya ne. Ya zauna a bakin tabarma, ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a.

A nan na ga cewa in ban rubuta ba, jikokin da ke tasowa za su tuna ta ne kawai da tsohuwar da ke faɗa in an bar takalmi a ƙofar ɗakinta.

Ƙanwar kakata ce ta wajen uwa, don haka akwai wasa tsakaninmu. Aure ne ya kawo ta daga Zariya, ta yi rayuwarta a wani ƙauye kusa da Garam tana noman gyaɗa da masara, da ɗan doya a bayan gida. A can ta shiga ajin yaƙi da jahilci har ta iya karatun boko, a hankali, da ƙarfi, kuma ba ta yarda kowa ya manta da haka ba. Da mijinta ya rasu, gwiwa kuma ta fara gardama, kawu ya dawo da ita Kwamba. Ni da na samu aiki a Abuja sai na kama ɗaki a gidan da ke jikin nasu, na shiga sahun masu fita da sassafe su dawo da magariba. Ranar da na iso ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wannan ne mijin da aka aiko min? Ko kaza ba zai iya kamawa ba." Daga ranar sunana Maigida.

Ta tambaye ni aikin da nake yi. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce, "Kaka, kin ga in kin buɗe waya, akwai inda ake dannawa, da abin da take rubuta miki, da abin da ke biyo bayan wani? To, irinmu ne ke zama mu tsara su, don mutum ya gane ba sai an koya masa ba."

Ta ajiye magogin goronta. "Ashe kai ne."

"Ni ne me?"

"Kai ne ka sa in na zo kashe kira sai in kunna fitila. Na daɗe ina neman mai wannan aikin."

Tun daga nan duk laifin da wata waya ta yi a Kwamba nawa ne. Maƙwabciya ta tura hoto ga sirikinta bisa kuskure, ni. Caji ya ƙare ana tsakiyar gulma, ni.

A lokacin muna haɗa wata manhaja ta manoma. Za ta gaya maka ko ana sa ran ruwa, kuma ka ɗauki hoton ganyen da ya kamu da cuta ka tura a ba ka shawara. Mun yi wata da watanni a kanta, mu shida, a ɗaki mai sanyi, duk cikinmu babu wanda ya san nauyin fartanya. Mun gwada a tsakaninmu, kowa ya ce ta yi. Shugabarmu ta ce a kai wa manomi na gaske. Na ce ai ina da ɗaya a gida, minti biyar ya ishe ni.

Ranar Asabar na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta goge hannu a zani, ta karɓi wayar da hannu biyu, ta karanta abin da ke fuskarta harafi-harafi, sannan ta tsaya, ba ta taɓa komai ba.

"Kaka, danna mana."

"Ina jira ne."

"Me kike jira?"

"Ya yi sallama. Ɗan gidan wa ne shi? Ya shigo min ba ina kwana, bai faɗi wanda ya aiko shi ba, sai in ba shi sunana da lambata. Ɗan sanda ne?"

Da ƙyar na lallashe ta muka wuce wannan. Shafi na gaba akwai tambayar da ake yi wa mutum don ranar da ya manta lambar sirrinsa. Ta fara karantawa, "Me-ne ne su-nan ɗan-ki na fa..." Sai ta kife wayar a kan tabarma kamar ta taɓa garwashi.

"A'uzu billahi. Wane marar kunya ne ya rubuta wannan?"

Ni na rubuta. Kawu kuwa yana nan gefe yana alwala, da furfurarsa, mutumin da tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Na ce ai ba faɗa za ta yi ba, rubutawa ce. Ta ce rubutun ma ai baki ne. "In dole sai an sa wani abu, rubuta: wancan mai buta."

Alamomin ma ba su tsira ba. Ɗan gilashin nan mai mariƙi da muke sawa a wajen bincike, ta ce ludayi ne. Layuka ukun da ke kusurwa, ta tambaya tsagar wace ƙabila ce. Farin gajimaren da muka zana da ɗigon ruwa a ƙasa, ta ce auduga ce ta jiƙe, hadarin da zai yi ruwa baƙi ne, kowa ya sani. Da ta karanta cewa gobe akwai yiwuwar ruwa kashi sittin cikin ɗari, ta ce, "Sauran arba'in ɗin wa aka ba, mutanen unguwar Bagama? Ni ka gaya min, in shanya gyaɗa ko kar in shanya?"

Na sa ta ɗauki hoton ganyen kuɓewar da ta shuka a tsohon bokiti. Ta ɗauka har biyar, masu kyau. Sai ta hango alamar kwandon shara a ƙasa, ta ce madalla, ga kwando, ta zuba su duka a ciki don kar su ɓata. Da ta zo turawa babu hoto, manhajar ta fito da jan rubutu: "Kuskure! Ba ki yi daidai ba." Ni kuma, Allah Ya yafe min, na fizge wayar na ce, "Haba Kaka, ba haka ake yi ba. Abin nan fa ko yaro ya iya."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta jawo farantin gyaɗarta ta ce, "To, Malam, kai wa yaron."

Malam. Mako guda cur tana ce min Malam. In na gaishe ta, ta amsa da ladabi kamar baƙon kawu. Ba zagi, ba tsokana, ba ta ƙara tambayata yaushe zan yi ƙiba ba. Tuwo yana zuwa ɗakina kamar kullum, amma ba ƙarin man shanun da take sawa a ɓoye. Duk gidan aka san na yi laifi.

A ofis kuma na rubuta a rahoto cewa wadda aka gwada da ita ta tsufa da yawa, ba irinta muke nufi ba. Shugabarmu ta karanta, ta cire tabarau ta ce, "Wane irin kana nufi? Manomi wanda yana zaune a ofis?" Sannan ta gaya mana abin da ta ɓoye mana: masu ɗaukar nauyin aikin sun ce in damina ta kankama manoma ba su karɓi abin ba, za a rufe, mu shida kowa ya kama gabansa. Ta nuna ni da biro. "Je ka ba Mama haƙuri. Wannan karo kuma, rufe baki."

Na sayi farin goro manya, na je bayan la'asar na durƙusa. Ta bar ni a durƙushe har ta gama goga guda.

"Ba fizgar ce ta ɓata min rai ba," in ji ta, "hannun naka ma ba ƙarfi. Jan rubutun nan ne. Ku kuka zana kwando, na sa kaya a kwando, sai ku ce na yi kuskure. Ni ina da baki, na rama. Wata in aka gaya mata haka sau ɗaya, ajiye wayar za ta yi ta ce ita ce ba ta da kai. Ba za ku sake jin ɗuriyarta ba. Ku kuma kuna can kuna murna wai ba wanda ya kawo ƙorafi." Ta watsa goron a baki. "Tashi, Maigida, gwiwarka ta fi tawa lalacewa."

Muka yi gyare-gyare. Da na ce mata za mu ƙauye gwaji, ta ce ba inda za mu ba tare da ita ba, za a yi mana ƙarya. Ita ta zauna a gaban mota, shugabarmu a baya. A tsohon ƙauyenta ta tara mana mata a ƙarƙashin mangwaro. Muka nuna musu manhajar, muka ce ya suka gani. Duk suka ce ta yi kyau, Allah Ya saka da alheri. Abokin aikina yana ta rubutawa yana murmushi.

Kaka ta ce, "Daina ɓata takarda, kunyar baƙi ce. Ko dutse ka nuna musu za su ce ya yi kyau. Ku bar tambaya. Ku miƙa musu, ku koma can ku zauna ku yi kallo."

Muka koma gindin rumbu muka zauna kamar waɗanda aka kora daga aji. Abin da muka gani a awa guda ya fi na watanninmu a ofis. A rana rubutunmu ba ya ganuwa, sai mace ta lulluɓa da mayafi ita da wayar. Yatsan da ya sha noma in ya taɓa abu ɗaya sai biyu su amsa. A gidaje da yawa wayar ta maigida ce, da ita yake tafiya kasuwa, sai ya dawo take samun aro. Mu kuwa mun tsara abin kamar kowa da tasa a aljihu.

Akwai wata matashiyar mata, surukar tsohuwar maƙwabciyar Kaka. Wayar ta zo hannunta, ta riƙe, ta zuba mata ido, gumi ya fara tsattsafo mata a hanci. Mata sun zuba ido, uwar mijinta na gefe. Ni ban gane komai ba, na ɗauka tunani take yi. Sai Kaka ta miƙa hannu ta karɓe wayar, ta kai ta nesa, ta kawo ta kusa, ta yamutsa fuska.

"Ni dai wannan rubutu kamar sawun tururuwa, ba na ganin komai. Maigida, abin naku ba shi da baki ne? In ba zai yi magana ba, ni na fita."

Na buɗe baki zan ce ai jiya-jiya ta zura zare a allura a gabana, sai na ji ta taka min ƙafa da iyakar ƙarfinta. Matashiyar nan ta ce a hankali, "Ni ma idona ne." Wata ta ce ita ma. Kafin ka ce me, fiye da rabin matan da ke ƙarƙashin mangwaron nan sun kamu da ciwon ido.

A mota ta ce min, "Babu wadda za ta ce muku ba ta iya karatu ba a gaban uwar mijinta. Ciwon ido kuwa ba abin kunya ba ne."

Haka muka sa wa manhajar murya. Da farko mun ɗauko wani saurayi mai muryar rediyo. Kaka ta saurara ta ce kamar mai sanarwar cigiya, wa ya ɓata? Shugabarmu ta ce to Mama ta yi da kanta. Muka kai ta ofis, muka ba ta takarda ta karanta: "Danna nan domin ci gaba." Ta ce ba ɗan Adam ɗin da ke magana haka, ta ajiye takardar. Abin da ta faɗa shi muka ɗauka. "Salamu alaikum, ina gajiya, ya gona? To, taɓa koren nan, kar ki ji tsoro, ba ya cizo." Inda a da jan rubutu ke fitowa, yanzu ita ce ke cewa, "Ba laifinki ba ne, sabis ne ya tafi yawo. Sha ruwa ki sake gwadawa." A maganar ruwan sama ta ce, "Gobe kar ki shanya," ta kuma dage sai an ƙara "Allah ne masani," tunda ba mu ke saukar da ruwan ba. Da maza suka yi ƙorafin ana ce musu "ki", ta dawo ta ɗauki nasu daban, da kakkausar murya, wai su ba sa jin lallashi.

Ba a rufe aikin ba. Muryar nan ce dattijon bayan Garam ya sani.

Kada in mayar da ita waliyyiya, don ita ma ba za ta yarda ba. Daga ranar da ta ji muryarta a waya ba a ƙara shan iska a gidan kawu ba. Ko gishiri aka yi gardama a kai sai ta ce a tambayi Abuja wace ce ita. Ta sa mun canza launin kore sau uku, ashe saboda ya yi kama da atamfar wata mata da suka yi faɗa a wajen biki. Kuma ita ta dage cewa in saƙo ya shigo a sa carar zakara, wai shi manomi ya sani. Muka sa. Ranar Juma'a ana tsakiyar huɗuba a wani ƙauye saƙon ruwa ya shigo, zakaru suka ɗauki cara daga aljihu zuwa aljihu, sahu-sahu. Da labari ya iso Kwamba ta ce, ko ƙifta ido ba ta yi ba, "Ai na gaya wa Maigida kar ya sa."

A shekararta ta ƙarshe muka ƙara wani ɗan wuri a manhajar, inda mutum zai danna ya yi magana in yana da ƙorafi. Kowace Litinin mukan zauna mu shida mu saurari abin da ya shigo. Kaka ta tambaye ni ina maganar ke zuwa, na yi kuskuren gaya mata gaskiya. Litinin ta gaba muna zaune, bayan wani manomi ya gama bayanin tsutsar masara, sai ga muryarta ta cika ɗakin taro: "A gaya wa Maigida ya bar wando a kan igiya kwana uku, ba ni ce baiwarsa ba. Kuma in zai dawo ya biyo da daddawa."

Na roƙe ta, na ce ta kira ni kai tsaye mana. Ta ce, "In na kira ka ba ka ɗauka, sai ka ce kana taro. Wannan kuwa shugabarka na ji." Tun daga nan ba Litinin ɗin da ba ta cikinta. Abokan aikina suka san lokacin da na yi mura, da ranar da na ƙi cin tuwo, da ra'ayinta game da askina.

Ciwon nata bai daɗe ba. Kwana tara ta yi a kwance, tana sallah a zaune, tana faɗa a kan yawan ruwan kunu. Bayan an share makoki na koma aiki. Litinin ta zo, muka zauna, wanda ke kunna saƙonni ya tsaya ya dube ni. Ya ce akwai ɗaya daga lambarta, na kwanakinta na ƙarshe, ko a tsallake? Na ce a kunna.

Muryar ta yi ƙasa, tana hutawa tsakanin kalmomi.

"Salamu alaikum, mutanen ofis. Ƙorafi na kawo, na gaske. Hannuna ya fara rawa. Wurin nan da ake dannawa a yi magana, sau huɗu ina kai masa yatsa yana kuɓuce min. Ya yi ƙanƙanta. Ku ƙara masa girma. Ba don ni ba, ni na gama da shi, amma duk waɗanda kuka gani a ƙarƙashin mangwaron nan hannunsu zai zo ya yi rawa." Ta yi tari. Muka ji ƙarar kofi a kan faranti. "Shi kuma Maigida, ku sa masa ido. In aka bar shi ba ya cin abinci. Shi ke nan. Yaya ma ake kashe abin nan?"

Saƙon ya ci gaba kusan minti guda tana neman wurin kashewa, tana yi mana addu'ar shiriya ɗaya bayan ɗaya.

Shugabarmu ta tashi ta fita, ta dawo da farantin shinkafa ta ajiye a gabana, ta tsaya a kaina. Na ci. A ranar muka ƙara wa wurin girma, shi da na kashewa.

Allah Ya jiƙan Kaka, Ya yafe mata, Ya yalwata makwancinta, Ya sa mala'iku su tarbe ta da sallama.